Faya-fayai Huɗu na Baba Ebenezer

Tungan Maje, Abuja
4 ga Fabrairu, 2024

Yaya Abednego,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama, da aikin shago. Ni ce Larai ta gidan Baba Ebenezer, wanda mahaifiyarsa da kakarka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabonmu da haɗuwa tun bikin Christina a Karu, shekara tara ke nan. Na san kiran waya ba shi da amfani a wurinka tun da sanƙarau ya tafi da jinka, kuma abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon tes. Shi ya sa na ba Maiturare, direban da ke lodi daga Zuba zuwa Jos, wannan takarda.

Mu nan sai godiya. Baba ya faɗi a banɗaki mako guda kafin Kirsimeti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana cin abinci, yana gane mutane, amma magana ta tafi. Da safe nake masa wanka in tafi Maitama inda nake girki, maƙwabciyarmu Maman Angela ta riƙa leƙa shi har in dawo.

Ka sani, kamar yadda kowa a dangi ya sani, ba Baba ne ya haife ni ba. Mahaifiyata sunanta Lantana, daga Arewa ta zo, tana sayar wa leburori abinci a wajen gini a shekarar 1991. Ta rasu ina da kwana biyu a duniya. A lokacin Baba akawu ne a kamfanin ginin, kuma yana da kwamfutar nan da ya saya a hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Da yamma leburori kan zo ya buga musu wasiƙa zuwa gida. Mahaifiyata ma ta zo, sau biyar in ji shi. Tun ina yarinya yake cewa, “Sunan garinku da sunan kakanki suna cikin na'urar nan. Ranar da kika shirya zan buga miki.” Ni kuma kullum in ce ban shirya ba, don kada ya ga kamar bai ishe ni ba. Yanzu ga shi kwance.

Kwamfutar tana nan, ruwan ƙasa, an rubuta Commodore a jikinta. Na haɗa ta da tsohuwar talabijin ta kawo shuɗin allo. Akwai wani akwati mai nauyi da ake zura faifai a ciki, da faya-fayai goma sha ɗaya masu laushi, huɗu daga ciki Baba ya rubuta 1991 a kansu. Na kai ɗaya wurin masu gyaran waya a cikin gari, wani ya juya shi ya ce, “Madam, wannan ai kayan museum ne.” An ce min kai kaɗai ne a danginmu ka san irin waɗannan tsofaffin injuna.

Ba son sani kawai ba ne, Yaya. 'Ya'yan ƙanin Baba sun zo duba shi sau biyu, kuma sun fi daɗewa suna kallon katanga da rijiya a kan kallon mara lafiya. Ina so in san ko ina da inda zan nufa.

Ƙanwarka,
Larai

*

Jos
16 ga Fabrairu, 2024

Larai,

Na karɓi takardarki. Muna lafiya, sai ciwon gwiwar Mama. Allah ya ba Baba sauƙi. Shi ne ya fara ɗora hannuna a kan kwamfutar nan ina ɗan shekara goma, bayan na kurumce, lokacin da kowa ya gaji da yi mini magana da hannu.

Abu na farko, ki daina sa faya-fayan a cikin akwatin. Shekararsu talatin da uku, duk juyi ɗaya yana cin wani abu daga jikinsu. Ki ajiye su a tsaye, nesa da rana, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Abu na biyu, kada ki turo mini su. Ba ni da akwatin da zai karanta su, nawa ya mutu tuntuni, kuma ban san mai irinsa a Jos ba. Na Baba ne ya rubuta su, shi zai fi iya karanta su, ni kuma ina tsoron ramukan hanya su girgiza shi ya kauce.

Ga dabarar. Akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi kwalin ashana biyu ba, da ake yi wa irin wannan kwamfuta a yanzu. Ana zura mata katin memori irin na kyamara, a jona ta a bayan akwatin faifai. Kwamfutar za ta ɗauka wani akwatin faifai ne na biyu, ba za ta san kati ne ba. Sai a kwafe abin da ke kan faifai zuwa kan katin. Da zarar ya hau kati, kowace kwamfutar zamani za ta buɗe shi. Na yi odar allon da ake jera kayan cikinta a kai, sauran kayan ina da su, zan harhaɗa da kaina. Ina sa ran zuwa da ita lokacin Ista.

Maganar gida kuwa, a nan zance ɗaya ne, gida na jini ne. Gara ki shirya.

Yayanki,
Abednego

*

Tungan Maje
24 ga Maris, 2024

Yaya Abednego,

Ina gaisuwa, a gaishe da Mama da gwiwa. Baba ya rame, ya fara samun gyambo a baya saboda kwanciya.

Na daɗe ban rubuta ba domin layinka na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Gida na jini ne, gara in shirya. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Daga bakin su Alexander, 'ya'yan ƙanin Baba, ban yi mamaki ba, su ne masu kallon katanga. Amma kai da na kai wa kukana? Shekara talatin da biyu ina share tsakar gidan nan. Ni na rufe wa Mama Prudence, matar Baba, ido da ta rasu, ni nake juya Baba yanzu. Ban roƙi gida a wurinka ba. Idan taimakon da za ka yi mini don in yi saurin tattara kayana ne, ka faɗa mini a fili.

Duk da haka na bi maganarka, ban sake taɓa faya-fayan ba. Amma ranar Lahadin da ta wuce wani tunani ya zo mini. Na ce tunda hannun hagun Baba yana motsi, me zai hana ya buga mini sunan garin da kansa? Na jawo tebur kusa da gadonsa, na kunna, na ɗora masa kwamfutar a cinya. Da ya ga shuɗin allon fuskarsa ta canza, har ya yi wani sauti.

Na ce, “Baba, garin su Lantana. Sunan garin kawai.”

Ya ɗaga yatsa ya daɗe yana yawo da shi a kan haruffan. Ya danna L. Ya sake danna L. Ya ci gaba har layi ya cika, ya sauko na biyu. Yana kallon allon, ya san ba haka ba ne, hawaye na bin gefen kunnensa. Mutumin da ya buga wa mutane wasiƙa ɗaruruwa. Na cire masa hannu na ce ya isa, na kashe.

Maman Angela ta ce in daina wahalar da shi, kuma gaskiyarta. Ista saura mako guda. Za ka zo, ko in cire rai?

Larai

*

Jos
19 ga Afrilu, 2024

Ƙanwata Larai,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Ki yi haƙuri da shiruna. Taifot ya kwantar da ni tun kafin Ista, kwana goma sha biyu ina asibiti, takardarki tana shago a ƙarƙashin ƙofa. Har yanzu ƙafafuna rawa suke yi, likita ya hana ni doguwar tafiya.

Kin karanta ni ba daidai ba, ko kuma ni ne ban iya rubutu ba. Da na ce a nan zance ɗaya ne, ina nufin abin da su Mama da baban Alexander ke faɗa in sun zauna. Suna yi a gabana don sun ɗauka ba na ji, sun manta ina karanta leɓe. Gargaɗi na yi miki, ba ra'ayina ba ne. A wurina ke 'yar Baba ce, na kuma faɗa wa Mama haka, kwana biyu ba ta kalle ni ba.

Ga na'urar a cikin gwangwanin madara, na naɗe ta da auduga. Katin yana ciki, na sa masa manhajar kwafa. Ki bi wannan a hankali:

Ki kashe komai. Ki jona wayar na'urar a ramin da babu komai a bayan akwatin faifai, ramin mai zagaye. Ki kunna akwati, sannan kwamfuta. Ki buga layin da na rubuta a jikin gwangwanin, harafi da harafi. Jerin zaɓi zai fito da Turanci. Akwatin Baba shi ne lamba 8, katin shi ne lamba 9. Kullum daga 8 zuwa 9, kada ki juya.

Kowane faifai, ki goge shi tukuna kafin ki kwafa. Ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. In kin gama ki ba Maiturare katin kawai, ni zan buɗe in buga miki a takarda.

Hannuna ya gaji. Allah ya sa mu dace.

Abednego

*

Tungan Maje
28 ga Afrilu, 2024

Yaya Abednego,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini maganganun da na yi, zuciyata ce ba ta zaune. Baba yana nan yadda yake, ya ɗan rage cin abinci.

Saƙo ya iso lafiya. Yau Lahadi madam ɗin da nake yi wa girki ta ba ni off, kuma muka yi sa'a da wuta tun da muka dawo daga coci. Na yi komai yadda ka ce. Da na buga layin nan na jikin gwangwani sai ƙaramar fitilar na'urarka ta yi kore, jerin ya fito. Yaya, ka yi ƙoƙari. Ban taɓa zaton wannan tsohuwar za ta yi magana da katin da bai kai farcena ba. Har na juya talabijin ɗin don Baba ya gani.

Na fara da guda huɗun nan na 1991, tunda su ne nawa. Ka ce in goge kowanne tukuna, na duba jerin na ga na uku an rubuta WIPE DISK, na tabbatar a ƙamus ɗin Baba cewa wipe shi ne gogewa. Na zaɓe shi, ya tambaya ko na tabbata, na ce e. Akwatin ya yi ƙwanƙwasa, ya yi ta juyi fiye da minti ɗaya, ya ce OK. Sannan na kwafa daga 8 zuwa 9, ban juya ba ko sau ɗaya. Haka na yi wa duka huɗun. Ina cikin zare na huɗu aka ɗauke wuta, saura bakwai ke nan.

Baba ya yi ta sauti yana buga gado da hannu tun daga faifai na farko. Ina jin murna ce, ko ƙarar akwatin ce ta tuna masa da da. Sai da Maman Angela ta shigo ta riƙe shi.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kafin wutar ta tafi na zaɓi LIST don in ga ko sunan mahaifiyata zai fito, sai na ga layi ɗaya kawai da lamba, ba sunan komai. Ko sai a kwamfutarka zai nuna? Ga katin nan a cikin ambulan, na manne shi da salatif. Don Allah ko sunan garin kawai ka fara turo mini ta tes, sauran ya biyo baya. Na riga na tambayi madam ko za ta ba ni kwana uku a watan gobe.

Ƙanwarka,
Larai

*

Jos
30 ga Afrilu, 2024

Larai,

Kada ki sake kunna komai. Kada ki taɓa bakwai ɗin da suka rage. Ki naɗe akwatin faifai a bargo, ki haɗa da kwamfutar da faya-fayan duka goma sha ɗaya, ki ba Maiturare ya ɗora a kujerar gaba. Na yi magana da shi a rubuce, ya yarda. Zan yi miki bayani.

Abednego

*

Jos
12 ga Mayu, 2024

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da Baba. Kaya sun iso, akwatin bai kauce ba. Na ga tes ɗinki guda tara. Ban amsa ba domin ina neman abin da zan faɗa miki wanda ba wannan ba, ban samu ba.

Faya-fayai huɗun nan babu komai a kansu yanzu. Katin ma abin da ya kwafa ke nan, faifai huɗu wayam.

Da na ce ki goge, ƙura nake nufi. Ki sa ƙyalle mai laushi ki share jikin rigar faifan kafin ki zura shi, don kada datti ya shiga akwatin. Abin da ke kaina ke nan. WIPE DISK ɗin da kika zaɓa yana share rubutun da ke ciki ne, ya mai da faifai sabo. Akwai gogewa iri biyu. Wata sunaye kawai take cirewa, a iya dawo da rubutun. Na yi kwana goma ina addu'a ita ce. Na bi faya-fayan layi-layi, kowanne sau uku. Wadda ta bi ta kansu mai ƙwanƙwasar nan ce, wadda ba ta barin komai.

Ba laifinki ba ne, ki ji ni da kyau. Kin yi abin da takarda ta ce. Ni na rubuta kalma ɗaya mai fuska biyu. Ni na bar wannan zaɓi a cikin manhajar alhali minti biyar ya isa in cire shi. Akwai kuma wata 'yar kafa a gefen kowane faifai, in an rufe ta da salatif ba abin da zai iya goge shi. Duk mai wannan aiki ya san haka, shi ne abu na farko da ake koya. Ban rubuta miki ba. Zazzaɓi ne ko gaggawa, ban sani ba, kuma ba hujja ba ce. Da na jira na warke na zo da kaina, da yanzu takardun suna hannunki.

Na rufe kafar sauran bakwai ɗin. Biyu sun yi fumfuna. Zan bi su a hankali in ga abin da ke ciki, amma shekarun da ke jikinsu 1989, 1990 da 1992 ne. Ba na so in sa miki rai.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba.

Abednego

*

Tungan Maje
9 ga Yuni, 2024

Yaya Abednego,

Na san labari ya iso ku, tunda Mama ta zo jana'iza. Baba ya rasu ranar Talata ashirin da ɗaya ga Mayu, da hantsi, ina wurin aiki. Maman Angela ce a kansa. Mun binne shi kusa da Mama Prudence. Na duba ko zan gan ka, aka ce jikinka bai yi ƙwari ba.

Takardarka ta same ni kwana shida kafin nan. Na karanta a tsaye a tashar Zuba, Maiturare yana tambayata ko lafiya, na ce lafiya. Ban gaya wa Baba ba. Amma ba sai na gaya masa ba, Yaya. Yana kallon allon ranar nan. Ya san Turanci, ya san ƙarar akwatinsa. Buga gadon da yake yi ba murna ba ce, hana ni yake yi. Sau huɗu ina yi a gabansa, ina juyowa ina masa murmushi, har na kira mutum ya riƙe masa hannu. Daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Wannan nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ka ce ba laifina ba ne. Na yi fushi da kai kwana biyu, na ga fushin ba ya kai ni ko'ina. Shekara nawa mutumin nan yana cewa in zo ya buga mini, ina noƙewa? Da na ce to sau ɗaya, da ba a kai ga kati ba, ba a kai ga kai ba.

Bayan an watse aka yi zaman dangi a tsakar gida. Baban Alexander ya yi magana mai daɗi, ya ce na yi wa ɗan'uwansa abin da 'yar cikinsa ba za ta yi ba, Allah zai saka mini. Sannan ya ce za a sa gidan a kasuwa, in nemi wuri kafin ƙarshen Yuli. Na ce, “Baba ƙarami, ina zan je?” Ya ce, “Ai ke ma kina da naki mutanen, Larai. Ebenezer ya sha faɗa cewa yana da adireshinsu.” Mama tana zaune, ta sunkuyar da kai.

Madam ta ce akwai ɗaki a bayan gida kusa da na maigadi, amma ba a kawo kaya da yawa, ba a kawo baƙi. Kwamfutar ta zauna a wurinka. Ba na son ganinta.

Larai

*

Jos
2 ga Yuli, 2024

Larai,

Ina miki gaisuwar rashin Baba, ni ma uba na rasa. Ban zo ba don ban iya haɗa ido da ke ba, ba jiki ba ne. Gara ki san gaskiya.

Na gama da bakwai ɗin. Biyar sun hau kati lafiya, biyu rabi-rabi. Wasiƙu ɗari biyu da sittin da ɗaya, na karanta kowacce. Babu ta mahaifiyarki. Amma a faifan 1992, cikin masu fumfuna, akwai ta wani lebura mai suna Badaruddeen, ranar 6 ga Janairu. Ga ta yadda ta fito, inda na sa ɗigo-ɗigo wurin ya ci:

“Zuwa ga Yaya Barira, Tudun Wada. Bayan gaisuwa, ina lafiya, aiki ya yi sauƙi ... ki shiga gidan su Lantana ki sake gaya wa Malam ... yarinyar tana nan da rai, ta yi wata huɗu, tana hannun akawun da ke buga mana takarda, shi da matarsa. Mutanen kirki ne amma ba addininmu ɗaya ba. Wannan ne karo na uku da ake aikawa ba amsa. In za su zo su zo, in ba za su zo ba su faɗa, domin matar ta fara ... ”

Daga nan babu. Sunan Malam ɗin yana cikin wurin da ya ci. Na gwada karanta wurin sau goma sha ɗaya har na ji tsoron faifan zai yage.

Tudun Wada kawai aka rubuta. Baba yakan sa cikakken adireshi da biro a bayan ambulan, ba ya shiga na'ura. Na duba ko Badaruddeen ya sake aika wata, babu. Kin san yadda sunan nan yake. Akwai a nan Jos, akwai a Kaduna, Zariya, Gusau, Gombe, akwai ƙaramar hukuma guda a Kano, ban da ƙauyukan da ba sa cikin taswira. Na zauna na lissafa waɗanda na sani na kai goma sha tara na tsaya.

Na yi tunanin in ɓoye miki layin da ya ce an aika sau uku. Amma na riga na cuce ki sau ɗaya da rubutun da bai fito fili ba. Wataƙila wasiƙun ba su isa ba ne. A lokacin da yawa ba sa isa.

Akwai ɗaki a bayan shagona, in Maitama ta yi miki ƙunci. Na gaya wa Mama, ban nemi izininta ba.

Yayanki,
Abednego

*

Maitama, Abuja
18 ga Agusta, 2024

Yaya Abednego,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya dawo. Ni lafiya. Na bar Tungan Maje ranar ƙarshe ta Yuli da akwati biyu da Littafi Mai Tsarki na Baba. Gadon da kujerun na bar wa Maman Angela. Na gode da tayin ɗaki, amma aikina yana nan, kuma ba zan shiga tsakaninka da Mama ba.

Na yi amfani da kwana ukun da madam ta ba ni. Na je tashar Zuba na ce ina neman motar Tudun Wada. Ɗan kamashon ya ce, “Wacce, Hajiya?” Na ce ban sani ba. Suka taru su huɗu suna jero mini, kowa yana jan jakata. Wani dattijo a cikinsu ya ce leburorin ginin Abuja na farko da yawa daga wajen Kano suka zo, sai na shiga motar Tudun Wadar Kano.

Gari ne babba, Yaya, ban zata ba. Na sa gyale, na je ƙofar mai unguwa, na ce ina neman gidan wata Lantana da ta tafi Abuja sayar da abinci ta rasu a can a 1991, ko wata Barira mai ƙani Badaruddeen. Sun karɓe ni da mutunci. Aka yi ta aikawa gida-gida. An samu Barira biyu, ɗaya ba ta kai shekara arba'in ba, ɗaya ba ta da ƙani namiji. Kwana biyu ina bin lungu.

Ranar da zan dawo aka kai ni wurin wata tsohuwa da aka ce ba wanda ya shige mata duhu a garin. Tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “'Yar nan, a iya sanina Lantana uku suka bar garin nan neman kuɗi ba su dawo ba. Ɗaya Legas aka ce, biyu ba a ma san inda suka yi ba. Ɗaya daga ciki tawa ce.”

Na ce, “Mama, taki tana da ciki da ta tafi?”

Ta ce, “Ban sani ba. Da faɗa muka rabu.”

Na tambaye ta shekarar, ta ce ba ta riƙe shekara ba, ta dai san an yi fari. Na tambaye ta ko wasiƙa ta taɓa zuwa, ta ce maigidanta ne mai karɓar takarda, kuma ya rasu da daɗewa. Ta jawo ni kusa ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ni wajen haske. Ni ma ina kallon tata, hanci, goshi, haƙora, ina neman ko abu ɗaya. Mun daɗe a haka. Sannan ta sake ni ta ce, “Ban gan ta ba. Amma idona ya mutu.”

Ta sa aka kawo mini tuwo, ta zauna har na cinye. Da zan tafi ta ce in na gama yawona ban samu nawa ba, in dawo in ce ni jikarta ce, ba wanda zai ƙaryata mu. Na ce to.

Ba ni da sauran hutu sai Disamba. Ka turo mini jerin goma sha taran nan in ajiye, ko da yake ban ce zan je ba. Sai da motarmu ta wuce Kaduna na tuna ban tambayi sunan tsohuwar ba.

Ƙanwarka,
Larai